Muhawara: Manyan cibiyoyin taro da baje koli, wa ke cin ribarsu?

Ɗan Tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kwanaki na halarci wani baje koli a ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin nan na taro, irin waɗanda sai ka yi minti goma sha biyar kana tafiya ba ka kai ƙarshen zaure ɗaya ba. Jama'a maƙil, ko masaka tsinke babu. Bayan kwana huɗu da tashi na koma karɓo wani kaya da muka bari a ajiya, wallahi sai da na ji tsoro. Wuri fayau, ba kafet, ba rumfa, sai siminti tsirara da mutum biyu masu shara, takun ƙafata na amsa kuwwa. Na tambayi mai gadi yaushe za a sake wani taron, ya ce sai nan da mako uku. To gini irin wannan, da wutarsa da na'urorin sanyaya shi da masu gadinsa, ta ina yake mayar da kuɗinsa? Masu ilimi a taimaka.

Akanta: Wa'alaikumus salam. Amsa a gajarce, yawancinsu ba sa mayarwa. Kuma waɗanda suka gina su sun san haka tun kafin a aza tubalin farko.

Sarkin Zolaya: To fa. Malam Akanta ya shigo da almakashinsa, yanzu za a fara yanka.

Akanta: Ba yanka ba ne, lissafi ne. Ka duba wa ya mallaki irin waɗannan gine-ginen a duniya, za ka ga kusan duk gwamnati ce, ta birni ko ta jiha. McCormick Place na Chicago, wanda ya fi kowanne girma a Arewacin Amurka, wata hukumar gwamnati ce ke da shi. Na Las Vegas ma haka. Messe Frankfurt, kamfanin baje koli a Jamus, birnin Frankfurt ke da kashi 60, jihar Hesse kashi 40. Da haya kaɗai tana biyan kuɗin gini, da attajirai sun rigaya gwamnati, kamar yadda suke rige-rigen gina otal da kantuna. Hujjar da ake kafawa ita ce baƙo ba a zauren yake kashe kuɗinsa ba. Yana kwana a otal, yana shiga tasi, yana cin abinci, yana sayen tsaraba. Sai gwamnati ta ci bashi ta yi ginin, ta ɗora haraji a kan kowane ɗakin otal, da shi ake biyan bashin. A Las Vegas harajin ɗakin otal ne ke riƙe da hukumar cibiyar. Matsalar tana nan: idan baƙin ba su zo yadda aka yi hasashe ba, bashi ba ruwansa, sai an biya.

Hajiya Mai Kwantena: Malam Akanta, ka yi magana a kan takarda, ni bari in yi a kan ƙafa, don ƙafafuna ne suka san wurin nan. Na fi shekara goma ina zuwa baje kolin Canton a Guangzhou. Tun 1957 ake yin sa, sau biyu a shekara, ɗaya wajen Afrilu, ɗaya wajen Oktoba, kuma saboda yawan kaya kashi uku ake raba shi, ana kwashe na wannan rukuni a shigo da na wancan. A unguwar Pazhou cibiyar take. A kwana biyar nakan ga masana'antun da in da zan bi su ɗaya bayan ɗaya a garuruwansu, sai na yi wata shida ban gama ba. In taɓa yadi da hannuna, in ja zif in ga ko zai tsinke, in kalli idon mai masana'anta muna ciniki. Da na dogara da dillali, duk abin da ya kawo shi ne, farashin da ya faɗa shi ne. Ranar da na fara shiga zauren nan na gane nawa ake ɗora mini. Ku ce ginin ba ya riba, ni dai na ci ribarsa.

Akanta: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ai maganarki ba ta karya tawa ba. Kin ci riba, mai masana'anta ya ci, mai otal ma ya ninka kuɗin ɗaki a makon. Tambayar ita ce wa ya biya kuɗin rufin da kuka yi cinikin a ƙarƙashinsa.

Hajiya Mai Kwantena: Batun ninka kuɗin ɗaki kam ka faɗi gaskiya, kada ka tuna mini.

Injiniya: Bari in koma kan abin da Ɗan Tambaya ya gani, wato zauren da ya tarar fayau. Ƙanena, kwanakin da ka ga kamar wurin ba ya aiki, da yawansu a cikin haya suke. Baje kolin kwana huɗu kan ci kwana goma zuwa sha biyu a kalandar cibiya, babba ma ya fi haka. Akwai ranakun auna fili da zana iyakar kowace rumfa a ƙasa, da na rataye fitilu da alluna daga rufi, da na shigo da kaya da kafa rumfuna, sannan na wargajewa. Ga kuma lokutan da ba mai son yin taro, kamar ƙarshen shekara da tsakiyar hutun bazara a Turai. Shi ya sa babu cibiyar da ke cika kwana 365, ko da ta fi kowa kasuwa.

Sannan wannan siminti tsirara da ka taka, ba ƙaramin kuɗi ya ci ba. An zuba shi ne don ya ɗauki tirela da kayanta da injinan masana'anta masu nauyin tan da yawa. A ƙarƙashinsa akwai magudanai jere, kowane 'yan mitoci da murfi, daga nan ake jawo wuta da ruwa da intanet har da iska mai matsi zuwa kowace rumfa. Rufin kuma ana so ya tsallake mita tamanin ko ɗari ba ginshiƙi, domin ba mai son ya biya kuɗin rumfa a bayan ginshiƙi. Duk ginshiƙin da ka cire, ƙarfen sama ne zai ɗauki nauyinsa, kuma ƙarfe kuɗi ne. Abin da baƙo ba ya gani shi ne bayan ginin: ƙofofin da mota ke shiga har cikin zaure, da filin da tireloli ke jiran layi. Idan ka ga cibiya mai kyan fuska amma bayanta a matse, masu shirya taro za su zo sau ɗaya, ba za su ƙara ba.

Kafintan Rumfa: Yallaɓai Injiniya, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Sana'ata ke nan, kafa rumfuna. Na taɓa aiki a wata cibiya, ba zan kama suna ba, ƙofar kaya uku kacal ga zaure guda. Motarmu ta iso da la'asar, ba mu samu shiga ba sai ƙarfe biyun dare, kuma ƙarfe tara na safe za a buɗe wa baƙi. Muka kwana muna buga katako, fenti bai gama bushewa ba aka shimfiɗa kafet. Mai rumfar ya zo da safe cikin kwat ɗinsa yana cewa ya ji warin fenti. Na dube shi kawai.

Mutane na ganin rumfar nan ta mita uku-uku, mai farin bango da tebur ɗaya da kujera biyu, su ɗauka shi ke nan. Waccan ta haya ce, ƙarfe ne ake harhaɗawa a kwance a sake. Amma manyan kamfanoni gida sukutum suke ginawa, wani har da bene, na kwana huɗu kacal. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar tashi. Katako lafiyayye, kafet da aka taka kwana huɗu, duk a kwandon shara, domin kuɗin ɗauka da ajiya ya fi kuɗin sabo.

Sarkin Zolaya: Malam Kafinta, a ba ni lambar kwandon sharar nan, ina da ɗakin da ke neman kafet.

Dattijo: Yara, ku bar ni in sa baki. Wannan abu ba jiya aka fara shi ba, kuma tarihinsa na da abin faɗa a kan gardamar Akanta da Hajiya. Kasuwar Frankfurt, tun 1240 sarki Frederick na Biyu ya ba da takardar kariya ga fataken da ke zuwa cinta. Wato kasuwa ce ta fara kafuwa, shekaru ɗaruruwa, sannan aka yi mata rufi. Baje kolin Hannover an fara shi a 1947, Jamus tana cikin kufai bayan yaƙi, ana neman hanyar sayar da kayanta a waje, kuma a cikin ginin wata masana'anta aka yi na farko. Yau zaurukansa sun doshi murabba'in mita 400,000, fiye da filin ƙwallo 50. A London kuma, a 1851, Joseph Paxton, wanda asalinsa mai kula da lambu ne, ya zana ginin gilashi da ƙarfe da aka kira Crystal Palace, aka kafa shi cikin watanni a Hyde Park don wani babban baje koli. Kimanin mutum miliyan 6 suka shiga, aka samu rarar kuɗi, da ita aka sayi filin da manyan gidajen tarihin South Kensington suke a yau. To kun ga akwai wanda ya yi riba, Akanta.

Akanta: Baba, na karɓa. Amma ka lura, duk misalan da ka kawo, akwai kaya da masu saye kafin gini. Abin da nake suka shi ne a juya abin: a yi ginin tukuna, a zauna jiran kasuwa. Akwai wani farfesa a Texas, Heywood Sanders, ya shafe shekaru yana bin rahotannin da ƙwararru ke rubuta wa biranen Amurka kafin a gina ko a faɗaɗa cibiya. Yana ɗaukar hasashen da aka yi na yawan baƙi, ya jira shekaru, ya kwatanta da abin da ya faru. Abin da ya yi ta nunawa shi ne fili yana ƙaruwa, baƙi ba sa ƙaruwa daidai da shi. Kuma idan cibiya ta gaza, maganin da ake kawowa kullum ɗaya ne: ai don ta yi ƙanƙanta ne, a faɗaɗa. In an faɗaɗa ba ta cika ba, ai don babu babban otal a jikinta ne, a gina da kuɗin gwamnati. Birni na gaba ma haka yake yi. Ƙarshenta masu shirya taro su ke zaɓe, har kyauta ake ba su zaure don kawai su zo.

'Yar Otal: Ni a otal nake aiki, kusa da wata cibiya, sai ku ce ina kare tuwona, ban musa ba. Amma Malam Akanta akwai abin da lissafinka ke tsallakewa. Makon babban taro, otal ɗinmu na ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, mai wanki na kwana yana aiki, masu tasi ba sa zama. Kuma baƙon taro ba kamar ɗan yawon buɗe ido ba ne. Yana zuwa tsakiyar mako, lokacin da ɗakuna ke zama ba kowa, kuma kamfaninsa ke biya, ba ya ƙirga kwabo. Ka je ka gaya wa mai wankin nan cewa cibiya asara ce.

Akanta: 'Yar'uwa, ba zan gaya masa ba, don a wurinsa ba asara ba ce. Amma in tambaye ki, mako nawa ne a shekara irin wannan?

'Yar Otal: Manya-manyan dai ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sauran ƙanana ne, taron likitoci, yaye ɗalibai, jarrabawa.

Akanta: To yaye ɗalibai da jarrabawa mutanen gari ne, a gidajensu suke kwana. Kuɗin da suka kashe dama a garin za su kashe shi. Amma in an zo rahoton shekara, duk kai ɗaya ake ƙirgawa, a ce mutum kaza sun ziyarci cibiya.

Ɗan Tambaya: Yanzu na fara gane inda aka dosa. Amma wa ke da taron kansa? Na ɗauka cibiyar ce ke shirya su.

Injiniya: Nan ne gizo ke saƙar. A Jamus kamfanin da ke da filin sau da yawa shi ke da manyan baje kolin da ake yi a ciki, don haka kuɗin da masu rumfa suka biya gida yake komawa. Messe Frankfurt har wasu ƙasashe take kai tarukanta. A Amurka kuwa galibi cibiya mai ba da haya ce kawai, taron na wata ƙungiya ne ko wani kamfani, in ya ga dama baɗi ya ɗauke shi ya kai wani birni. Ka ga mai taro shi ne mai saniya, mai gini turke kawai gare shi.

Dattijo: Kuma saniyar tana mutuwa. CeBIT na Hannover, da a duniyar kwamfuta ba kamarsa, an yi na ƙarshe a 2018. Baje kolin motoci da Frankfurt ta riƙe shekara da shekaru, an ɗauke shi zuwa Munich a 2021. Na agogo a Basel, da manyan kamfanoni irin su Swatch da Rolex suka janye, ya watse, alhali ba a daɗe da kashe maƙudan kuɗi a sabon zaure ba. Na motoci a Geneva ma an rufe shi bayan na 2024.

Hajiya Mai Kwantena: Baba, amma kada a ce intanet ce za ta kashe su duka. Lokacin korona an mayar da na Canton kan intanet, na gwada. Hoto ne kawai da bidiyo, kowane kaya kyakkyawa. Na yi odar abu a kan hoto, da ya iso na rasa bakin magana. Da aka buɗe ƙofa a 2023 muka koma da gudu. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani.

Sarkin Zolaya: Hajiya ta ƙara wa karin magana bene ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya: Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma tunda an ambaci korona. Ba wanda ya tuna amfanin da waɗannan gine-gine suka yi a 2020? Cibiyar baje kolin IFEMA a Madrid ta zama asibiti cikin kwanaki, ta kwantar da dubban marasa lafiya. Cibiyar Javits a New York haka, ta Cape Town haka, ta Dubai haka. Cibiyar ExCeL a London an mayar da ita asibiti cikin kwana 9. Abubuwan da Injiniya ya lissafa su ne suka sa hakan ya yiwu, fili ba ginshiƙi, wuta da ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ƙofar da mota ke shiga. Rumfar baje koli da ɗakin gado ɗaya kusan girmansu ɗaya. Wane gini ne a birni zai iya wannan?

Akanta: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Sai dai na London ɗin, an tsara shi ya kai gado 4,000, amma a zangon farko waɗanda aka kwantar ba su kai ɗari ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Saboda gado ba ya jinya, Malam, mutum ke yi. Ma'aikatan da za su kula da masu numfashi da na'ura suna can asibitoci sun riga sun yi ƙaranci. Wannan ba laifin ginin ba ne. A New Orleans ma, lokacin guguwar Katrina a 2005, dubban mutane sun fake a cibiyar taron birnin, suka yi kwanaki ba isasshen ruwa ba abinci, don ba a tanadi wurin a matsayin mafaka ba. In an sa shi cikin shirin ko-ta-kwana tun da wuri, yana ceton rai. In ba a sa ba, rufi ne kawai.

Injiniya: Tunda an zo kan haɗari, McCormick Place na farko an buɗe shi a 1960, ana ta yabon cewa ƙarfe ne da siminti, wuta ba ta cin sa. A Janairun 1967 ya ƙone ƙurmus cikin dare, ana shirin buɗe baje kolin kayan gida, mai gadi ɗaya ya rasu. An manta cewa abin da ke ciki katako ne da yadi da kwali, kuma ƙarfe in ya yi zafi lanƙwashewa yake. Babban zauren ba shi da na'urar yayyafa ruwa. Sai 1971 aka buɗe sabo. Malam Kafinta, shi ya sa ake matsa muku da takardar shaidar cewa yadinku ba ya kama wuta, kuma ake hana ku ajiye kwali a bayan rumfa.

Kafintan Rumfa: Yau na ji dalili. Da na ɗauka neman fitina ne kawai irin na masu rigar tsaro.

Ɗan Tambaya: To ƙasashen da ba su da tsohuwar kasuwa irin ta Frankfurt fa? Su haƙura ke nan?

Dattijo: A'a. Dubai ta buɗe cibiyarta a 1979, lokacin hasumiyar cibiyar tana tsaye kusan ita kaɗai a bakin hamada, mutane na mamaki. GITEX, baje kolinsu na kayan fasaha, ya fara a 1981, ga shi har yau. Amma ba ginin kaɗai suka yi ba, sun haɗa da tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama da kamfanin jirgi. Kigali ta buɗe tata a 2016, ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka a shekarar, ta karɓi na ƙasashen Commonwealth a 2022, kuma Ruwanda ta sauƙaƙa biza ƙwarai. Mai shirya taro kafin ya tambayi faɗin zaure, tambayarsa ita ce jirgi nawa ke sauka kai tsaye, ɗakin otal nawa ne a kusa, kwana nawa kaya ke yi a hannun kwastan.

Akanta: Baba, ka dawo layina ba ka sani ba.

Dattijo: Ban dawo ba, yaro. Kai cewa kake kada a gina sai kasuwa ta zo. Da Dubai ta ji shawararka, da har yau tana jira.

Akanta: Muna tuna Dubai ne saboda ta ci. Waɗanda suka yi irin cacar suka faɗi, ba mai kawo sunansu a muhawara, suna can ana ɗaurin aure a zauren da aka gina don injinan masana'anta.

'Yar Otal: Bikin ma ai haya ake biya.

Hajiya Mai Kwantena: Ɗan Tambaya, tunda na ga ka fara shiga harkar, ka bar su da gardamarsu ka ji wannan. In za ka babban baje koli, ka yi rajista tun daga gida, layin karɓar kati ranar farko na iya cinye maka safiya. Ka sauke taswirar zauruka ka ware waɗanda suka shafe ka, kada ka ce za ka ga komai. Duk katin da aka ba ka, ka ɗauki hotonsa tare da kayan da lambar rumfar, in ba haka ba da dare za ka zauna da kati ɗari ba ka san na wa ba ne. Samfuri kuma ranar ƙarshe ake nema, lokacin ba sa son komawa da kaya. Sannan takalmi, ɗana, takalmi mai taushi.

Ɗan Tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Kin makara da maganar takalmin, sabo na sa ranar farko.

Kafintan Rumfa: Ranar ƙarshen ma ku riƙa fita da wuri don Allah. Muna nan a ƙofar baya da guduma tun azahar muna jiran ku gama cinikin samfuri.